Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Sufuri Na Jamaika

Mai girma Minista,

Magana ce nake da ita kan batun farfaɗo da jirgin ƙasa a tsibirinku.

Jamaika ta ga jirgi tun 1845, daga Kingston zuwa Spanish Town. An daina ɗaukar fasinja a 1992, aka sake gwadawa a 2011, ba a yi nisa ba abin ya tsaya. Amma jiragen da ke jigilar ma'adinin da ake yin alminiyum da shi sun ci gaba da aiki, domin kaya mai nauyi ne da ke biyan kuɗin dogo kullum.

Ranka ya daɗe, ƙasa mai mutane ƙasa da miliyan 3 ba ta da fasinjan da zai riƙe layin Kingston zuwa Montego Bay, ga duwatsu, ga gadoji, ga guguwar da ke ɓarna kamar yadda guguwar Gilbert ta yi a 1988. Bashi za a ci a gina, a kuma ci wani a gyara.

Inda riba take shi ne gajeren zango. Ma'aikatan Spanish Town da ke shan cunkoso kowace safiya su ne masu buƙata, kuma jirgin 'yan makaranta da aka fara a 2022 daga Old Harbour da Linstead ya nuna hanyar.

Ina roƙonka, a gyara wannan gajeren zango, a bayyana wa jama'a kuɗin da yake ci duk shekara, kafin a sa hannu kan wani rance.

Ka huta lafiya.