Wasan Kowa-Tasa-Ta-Fisshe-Shi Ba Zai Kai Mu NIPOGA Ba

Duk wanda ya je filin ƙwallon kwando ranar wasan sada zumuncin da muka yi da baƙinmu ya ga abin da na gani. Saura daƙiƙa 12 a tashi, suna gaba da maki ɗaya, ƙwallo a hannunmu. Me muka yi? Mutum ɗaya ya riƙe ta yana ta buga ƙasa, sauran huɗun muna tsaye kamar masu jiran adaidaita. Ya yi jifa daga nesa, ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Ba zan kama suna ba, domin ina cikin huɗun da suka tsaya kallo.

Maganar gaskiya, ba tsawo ko ƙarfi suka fi mu ba. Tsaron mutum-da-mutum kawai suka yi, kowa ya manne wa nasa, mu kuma ba mu da shiri ko ɗaya na kwance shi.

Alhali maganin ba boyayye ba ne. Ku ɗauki shirin nan na shinge. Mutum biyu su tsaya a kusurwoyi, ɗaya a gefe, domin tsakiya ta zama fili. Dogonmu ya hauro ya tsaya a gefen wanda ke makin mai ƙwallo, ya kafe ƙafafunsa, don in ya motsa rafali zai busa masa laifi. Mai ƙwallo ya jira shingen ya tsayu, sannan ya wuce kafaɗa da kafaɗa da dogon, shi kuma dogon ya juya ya nufi kwando.

Daga nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. In mai makin ya zagaya ta bayan shingen, ka sami sarari, sai ka jefa ta maki uku. In suka yi musayar mutane, gajere ya faɗa kan dogonmu, sai ka miƙa masa a ƙarƙashin kwando. In wani ya baro kusurwa don kawo ɗauki, to ya bar namu shi kaɗai, ba shi ƙwallo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shingen nan shi ne mai tsaga bangon.

Na san abin da wasu za su ce: "Haba malam, ai tsari yana kashe basira." Ban yarda ba. John Stockton da Karl Malone sun shafe shekaru a Utah Jazz suna wannan shirin, kowa ya san shi za su yi, amma hana su ya gagara. Har yau babu wanda ya kai Stockton yawan ba da ƙwallon da aka ci a NBA. Su ma D'Tigress, da suka zama tawagar Afirka ta farko da ta kai zagayen kwata fainal a gasar Olamfik ta Paris a 2024, ba da wasan son kai suka je can ba. Basira tana nan, tsari ne ke nuna mata ƙofa.

Don haka roƙona biyu ne. 'Yan wasa, mu ware minti 20 a kowane atisaye mu maimaita shiri ɗaya tak, ta dama da ta hagu, har sai mun daina tunani kafin mu yi shi. Wanda bai zo atisaye ba kada ya zo neman riga ranar wasa. Daraktan wasanni na ƙungiyar ɗalibai kuma, don Allah a sama mana fitilu a fili. Lakca ba ta ƙarewa sai yamma, kafin mu haɗu magariba ta yi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. In muna son zuwa NIPOGA mu dawo da wani abu ban da hotuna, mu haɗu a fili ranar Asabar da ƙarfe 7 na safe. Ni zan fara tsayawa a shingen.