A Bar Bazara Ta Yi Wa Aikin Ɗalibi Maki

A ƙarshen kowace shekarar karatu, a sassan koyar da lantarki da kwamfuta na manyan makarantun Najeriya, akan ga abu guda yana maimaita kansa. Ɗalibi ya shigo gaban malamai da ɗan akwatin roba, cikinsa allon Arduino da wayoyi masu launi-launi, ga kofi cike da ƙasa a gefe. Ya tsoma ma'aunin danshi cikin busasshiyar ƙasa, ɗan famfo ya tashi. Ya zuba ruwa, famfo ya tsaya. A tafa, a ba da maki, a rubuta a bangon kundi cewa an ƙera na'urar ban-ruwa mai sarrafa kanta. Daga nan akwati ya hau kanta, ƙura ta zama mayafinsa. Baɗi wani ya kawo irinsa, wani lokaci ma a haɗe ya sayo shi daga masu sana'ar yi wa ɗalibai aikin kammala karatu.

Wannan al'ada asara ce a ko'ina, amma a arewa maso yammacin Jigawa ta fi ciwo, domin yankin ya tara makarantun fasaha fiye da yadda aka saba gani a wuri ɗaya. A Kazaure akwai kwalejin kimiyya da fasaha mai sunan marigayi Sarki Hussaini Adamu, wadda aka kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, gwamnatin tarayya kuma ta karɓe ta a 2007. A garin dai akwai cibiyar fasahar sadarwa da aka fi sani da Informatics, wadda aka buɗe a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. A 2021 aka amince da kafa jami'ar fasaha ta tarayya a Babura. Kewaye da su kuwa ga manoman rani a bakin dam ɗin Kazaure, ga rijiyoyin burtsatse masu aiki da sola a ƙauyukan Roni da Gwiwa, ga ƙananan asibitoci masu ajiye maganin rigakafi a firji. Masu ilimin suna nan, matsalolin suna nan, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce tafiyar babur ba. Abin da ya rage shi ne doka guda: kada a ba aikin ɗalibi cikakken maki sai ya yi kwana 90 yana aiki a wurin da aka ƙera shi dominsa.

Kwamfutar da ta dace da inda ba wuta

Allon da ake magana a kansa bai kai tafin hannu ba. A tsakiyarsa akwai ƙwaya guda wadda ta haɗa ƙwaƙwalwa da ma'ajiya da ƙafafun da za a ɗaura wa ma'auni ko makunni. Aiki ɗaya ake rubuta mata, ta yi ta yinsa dare da rana. Arduino ya samo asali ne a 2005 a garin Ivrea na Italiya, an kuma yi shi ne domin ɗaliban zane waɗanda ba injiniyoyi ba. Samfurinsa da ya fi yaɗuwa, Uno, ma'ajiyar aikinsa kilobait 2 ce kacal, wutar da yake ci ba ta kai wat 1 ba. Raspberry Pi ya fito a 2012 daga Kambrij ta Ingila a kan dala 35, saboda malaman can sun lura cewa masu neman karatun kwamfuta suna zuwa ba su taɓa kwance na'ura ba. A 2021 masu shi suka fitar da Pico a kan dala 4. ESP32 na kamfanin Espressif da ke Shanghai, wanda ya fito a 2016, yana iya yin barci ya farka sau ɗaya a sa'a, ya auna, ya aika saƙo, ya koma, har ƙaramin batir ya kai shi makonni.

Duk wanda ya san halin wutar lantarki a Arewa zai gane ma'anar wannan. Ɗakin da aka jera kwamfutoci ɗari yana buƙatar janareta da mai da na'urar sanyaya ɗaki, ranar da ɗaya ya yanke kuma sai a rufe ƙofa. Ƙwayar nan kuwa farantin sola ɗan ƙarami ya ishe ta. Za ta iya kashe famfo idan tanki ya cika, ta hana shi juyawa idan ruwan rijiya ya ja baya don kada ya ƙone, ta aika saƙon waya idan firjin rigakafi ya fita daga awon digiri 2 zuwa 8 da ake buƙata. Ba ta da ƙyalƙyalin da za a yanka mata kintinkiri, shi ya sa masu jawabin zamanantar da ƙasa ba su cika ambatonta ba.

Abin da minti goma ba ya nunawa

Hausawa sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Gwajin minti goma a ɗakin jarrabawa miya ce tsundum. Gona ita ce ƙarshen miya. Ma'aunin danshi mai arha, wanda kusan kowa ke amfani da shi, ƙarfe biyu ne da ake ratsa wuta tsakaninsu, kuma a jiƙaƙƙiyar ƙasa wutar kan cinye su cikin makonni, sai ya riƙa faɗin ƙarya. Wayoyin da aka soka kawai ba a liƙe su da dalma ba sukan saki idan zafi ya buɗa ramukansu. Famfo na gaske, idan ya tashi ko ya tsaya, yakan girgiza wutar har ƙwayar ta rikice ta daskare, sai fa idan an rubuta mata mai gadin da zai tashe ta da kansa. Ɓangaren da ke ɗauke da layin waya yakan fizgi wuta da ƙarfi lokacin aika saƙo, ya kashe allon da aka ba raunanan batir. Akwai ma wani tarko a cikin Arduino kansa: agogon da yake ƙirga lokaci da shi yana cika ya koma sifiri bayan kwana 49 da sa'o'i kusan 17. Wanda bai yi tanadin wannan ba, na'urarsa za ta yi lafiya mako bakwai, sannan ta rikice ba tare da an taɓa ta ba.

A ƙara da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da tsawar damina, da gara, da akuya mai tauna waya, da ɓarawon batir. Kowane ɗayan waɗannan darasi ne da ba ya cikin kundin da aka kwafo daga intanet. Injiniyanci yana farawa ne ranar da na'ura ta mutu a dawa, mai ita ya hau babur ya je ya gano dalili. Tsarin da ke sallamar ɗalibi kafin wannan rana yana ba shi takarda, ya hana shi sana'a.

Hujjojin masu jan ƙafa

Za a ce kuɗi. Gaskiya ne kayan daga waje suke zuwa, galibi daga Sin, kuma tun da aka saki farashin naira a 2023 sun yi tsada. Amma ɗalibai suna biyan kuɗin nan a yau ma, suna sayen akwatin da zai mutu a kanta. Idan mutum biyar suka haɗa abin da kowannensu zai kashe, suka ƙera na'ura guda mai inganci, kuɗin bai ƙaru ba, amfaninsa ne ya ƙaru.

Za a ce lokaci, wai zangon karatu gajere ne. Amsar ita ce a gaji aiki. Rukunin bana ya kafa, na baɗi ya karɓi littafin da aka rubuta kowace lalacewa da ranarta, ya gyara, ya ɗora. Aikin da aka gada da tarihinsa ba ya sayuwa a kasuwa, domin mai sayarwa ba zai iya ƙirƙiro kwana 90 na awon wata rijiya a Gwiwa ba, ga kuma mai unguwa da zai shaida ko na'urar ta yi aiki.

Za a kuma ce yawancin matsalolin ba sa buƙatar kwamfuta, ƙwallon roba mai rufe bututu ya isa ya hana tanki ambaliya. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma tana goyon bayan dokar ne. Ɗalibin da ya je ƙauye ya gano cewa abu mai arha ya fi allonsa dacewa, ya rubuta hakan da hujja, ya fi cancantar maki a kan wanda ya kunna fitila a gaban malamai.

Akwai ma malaman da ba a ƙirga su. Masu gyaran waya a kasuwar Kazaure, da takwarorinsu na Farm Centre a Kano, sun fi yawancin masu digiri iya liƙi da dalma. Masu haɗa sola sun san abin da ke ƙona famfo. Ɗalibi ya san rubuta umarni, su sun san hannu. A haɗa su a aiki guda, a rubuta sunan kowa a bangon kundi.

Babu buƙatar sabon gini ko kwangila. Shawara ce da hukumar sashe guda za ta iya yankewa a zama ɗaya. Makarantun Kazaure da Babura suna da damar su zama na farko da za su ce wa ɗalibi: kai na'urarka gona a watan Maris, in ta kai Yuni da rai, zo ka karɓi makinka.