Gudun Fanfalaki: Na Masu Gudu Ne Ko Na Babban Baƙo?

Ya ku 'yan'uwanmu ɗalibai da matasan ma'aikata, wani sabon yayi ya shigo ƙasar nan, watau gasar gudun fanfalaki, wadda wasu ke kira gudun yada-ƙanin-wani. Ikko ta fara tata a 2016, Kaduna ta biyo baya a 2020, wasu garuruwa kuma suna ta bin sahu. Mu ba mu ƙi wannan yayi ba, don kuwa duk abin da zai fid da matashi daga zaman kashe wando ya sa shi motsa jini, abin maraba ne. Abin da muke ja da shi shi ne ma'aunin da ake auna nasarar gasa da shi, watau yawan kuɗin da zakara ya ɗauka, da girman rawanin wanda ya miƙa kofi, da tsawon jerin motocin da suka rako shi. Mu namu ma'aunin dabam ne. Mun ce a dubi mutum na ƙarshe, a ga halin da ya iso ciki. In ya iso da ƙafarsa, ya sami ruwa a hanya, ya kuma tarar da mai jiransa a ƙarshen layi, to, an yi gasa. In kuwa ba haka ba, biki kawai aka yi da gumin bayin Allah.

Bari mu fara da abin da gudun yake yi wa jiki, tun da yake yawancin masu zama a rumfa ba su taɓa gwada shi ba. Tsawon fanfalaki mil 26 ne da yadi 385, watau kilomita 42 da mita 195. Jikin mai gudu yana ƙera zafi kamar maƙera, ba shi kuwa da babbar hanyar fid da shi sai gumi. A ranar zafi mutum yakan zubar da lita 1 zuwa 2 na gumi a cikin sa'a guda, in kuma iska ta cika da laima, gumin ba ya bushewa, sai ya yi ta tsiyaya a banza, zafin yana taruwa a ciki. Zafin jikin mai lafiya awo 37 ne. In ya haura 40, mutum ya fara tangaɗi da sambatu, to, rai na cikin haɗari. Daɗin daɗawa, a wajen mil na 20 abincin da jiki ya ajiye a tsoka yakan ƙare, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutsen niƙa.

To, a nan ne maganarmu take. Gwanin gudu yakan gama cikin sa'a 2 da 'yan mintoci, tun rana ba ta yi ƙarfi ba, ya karɓi kyautarsa ya koma masauki. Amma malamin makaranta, da akawu, da ɗaliba, da tela, waɗanda su ne mafi yawa, sukan yi sa'a 4 ko 5 ko 6 a kan hanya. Su ne rana take dafawa. Su ne ke isowa wurin ruwa bayan dubban mutane sun riga sun sha. Saboda haka duk wani sakaci na masu shiri, a jikinsu yake sauka.

Don kada a ce muna sukar abin da ba mu da madadinsa, ga misali daga wani ƙaramin birni. A jihar Minesota ta Amurka akwai wani gari mai suna Duluth, a bakin tafkin Superior, mutanensa ba su kai 90,000 ba. A cikin 1977 wasu masu sha'awar gudu na garin suka shirya gasa a watan Yuni, wanda a can shi ne farkon lokacin zafi. Mutum wajen 150 suka shiga. Ba su sami mai ɗaukar nauyi ba sai wani sabon gidan abinci mai suna Grandma's, watau Gidan Kaka, wanda ya ba da dala 600, har yau kuwa da sunansa ake kiran gasar. Wani ɗan yankin, Garry Bjorklund, shi ya ci ta farko. A 1981 Dick Beardsley ya gama cikin sa'a 2 da minti 9 da daƙiƙa 37, aka shekara 33 ba a sami wanda ya fi shi sauri a wannan hanya ba, sai a 2014 da Dominic Ondoro na Kenya ya karya tarihin. A yau masu shiga wasannin gudu na wannan mako a Duluth, dogo da rabi da gajere, sukan haura 20,000.

Me ke jawo su? A tambayi masu gudun, ba za su fara da labarin kofi ba. Za su ba da labarin yadda aka kwashe su tun da asuba a motocin safa da jirgin ƙasa zuwa mafari, kusa da wani ɗan gari mai suna Two Harbors, aka kuma sallame su kafin ƙarfe 8 na safe ba tare da jiran kowa ba. Za su faɗi yadda tafkin yake rakiyarsu ta hannun hagu mil bayan mil, wata shekara da hazo da iska mai sanyi, wata shekara da rana tsirara. Za su ce tun daga mil na 3 ake samun ruwa kowane mil 2, daga mil na 19 kuma kowane mil guda, watau a daidai inda wahala ta fi tsanani aka fi yawaita taimako. Za su ambaci tudun Lemon Drop da ke wajen mil na 22, ɗan tudun da yaro zai haye da wasa, amma ga wanda ya yi sa'a 4 yana gudu sai ya zama kamar Dala da Gwauron Dutse a haɗe. Za su tuna da mutanen unguwa da ke fitowa ƙofar gida da mesar ba fulawa ruwa suna yayyafa musu, da dubban 'yan sa kai masu miƙa kofin ruwa da soso da ƙanƙara. Da yake kuma masaukan baƙi na garin ba sa isa, jami'o'in yankin sukan buɗe ɗakunan kwanan ɗalibai a saukar da masu gudu. A ƙarshe wasu sukan tsunduma ƙafafunsu cikin ruwan tafkin mai sanyi ƙarara. Duk wannan labari, ina babban baƙo a cikinsa?

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A hanyar ana kafa tutoci masu launi don gaya wa masu gudu halin da yanayi yake ciki: kore lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja haɗari ya ƙaru, baƙa kuwa abin ya kai matuƙa. Masu shiri na gaskiya a waɗannan ƙasashe ba sa jin kunyar tsai da gasa. A ƙarshen watan Mayu na 2016, a wani ƙaramin birni mai suna Burlington a jihar Vermont, aka dakatar da gudu ana tsaka da yinsa saboda zafi. A ranar 1 ga Oktoba 2023 aka soke babbar gasar Minneapolis da St. Paul da sanyin safiyar ranar da za a yi ta, saboda wannan dalili. Masu gudu da yawa sun ji haushi, don sun yi watanni suna shiri, sun kuma kashe kuɗin mota da masauki. Mun fahimci haushinsu, amma muna bayan masu sokewar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mun san abin da za a ce mana. Na farko za a ce ai Amurka ce, suna da kuɗi. Muna tunatar da mai wannan magana cewa da dala 600 da mutum 150 aka fara. Randar ruwa, da agogo, da cika alkawari ba su bukatar rijiyar mai. Ko a nan gida, Okpekpe ƙaramin gari ne a jihar Edo, amma tun 2013 yake karɓar gasar kilomita 10 wadda ta kai har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta san da zamanta. Ƙanƙantar gari ba ta taɓa zama hujja ba.

Na biyu za a ce mu 'ya'yan rana ne, zafi ba ya yi mana kome. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace haɗari, galibi kuma daga bakin mai zama a inuwa take fitowa. Gaskiya ne jiki yana sabawa da zafi in an yi kwana 10 zuwa 14 ana motsa shi a cikinsa, amma sabo yana da iyaka. A gasar duniya da aka yi a Doha ta ƙasar Katar a watan Satumba na 2019, sai da aka bari dare ya raba kafin a sallami mata masu gudun fanfalaki, duk da haka cikin 68 da suka tashi, 40 ne kaɗai suka kai ƙarshe. 'Yan Habasha ukun da suka shiga, babu wadda ta gama. In gwanayen duniya sun faɗi da tsakar dare, ina ga akawun da aka saki da hantsi a watan Afrilu, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan wuce awo 40?

Na uku za a ce wahala ai ita ce ƙawar fanfalaki, mai tsoron ƙishirwa ya zauna gida. An taɓa gwada wannan ra'ayi, an kuwa ga ƙarshensa. A gasar Olamfik ta 1904 a birnin St. Louis, aka sallami masu gudu da misalin ƙarfe 3 na rana a ƙarshen watan Agusta, aka kuma ƙuntata musu ruwa da gangan, don shugaban shirin, James Sullivan, yana so ya ga abin da ƙishirwa za ta yi wa jikin ɗan Adam. Manya suka bi su a cikin motoci suna tayar musu da ƙura, har wani mai gudu ya faɗi rai a hannun Allah saboda ƙurar da ya haɗiya. Mutum 32 suka tashi, 14 suka iso. Shekara fiye da 120 ke nan, amma duk wanda ya taɓa ganin an tsai da masu gudu a rana ana jiran isowar mai girma, ko ya ga motocin manya suna kutsawa tsakiyarsu da jiniya, ya san wannan hali bai mutu ba. An mai da mai gudu zagi, shi ke gaba a ƙasa yana haki, kirari kuwa na mai doki ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A yi lissafi mai sauƙi. In an sa gudu ƙarfe 6 da rabi, babban baƙo bai iso ba sai ƙarfe 8, shi bai yi asarar kome ba, gwanin gudu ma kaɗan ya rasa. Amma mai sa'a 5, wanda da zai gama kafin rana ta take, yanzu sai ƙarfe 1 zai iso, a lokacin da kwalta take ƙuna, randuna sun bushe, 'yan doka sun buɗe hanya ga motoci, masu rumfa kuma sun watse cin abinci. Wa ya ba wani izinin sayen darajarsa da ran ɗan wani?

Ba mu tsaya ga suka kaɗai ba. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla su ne ke rubuta takardun shiri a ma'aikatun wasanni da ƙananan hukumomi, wasu kuma gobe su ne za su riƙe su. Ga abin da muke nema a gare ku.

Na ɗaya, a zaɓi lokaci da hankali. Kada a sa dogon gudu a tsakiyar bazara ko a cikin watan azumi, a kuma sallami masu gudu da an idar da sallar asuba gari ya waye, ko babban baƙo ya zo ko bai zo ba.

Na biyu, kafin a ware ko kwabo don rumfa da kujeru da makaɗa, a fara ware kuɗin ruwa, a kuma lissafa shi da yawan mutanen baya. A gargaɗi masu gudu su sha gwargwadon ƙishirwa, don ɗirkar ruwa fiye da kima shi ma yana tsinka gishirin jini, yana kuma kisa.

Na uku, a tanadi bahon ruwan ƙanƙara da ma'aikatan lafiya a hanya da ƙarshen layi. Wanda zafi ya buge, a sanyaya shi nan take kafin a nufi asibiti da shi, don minti 30 na farko su ne ke raba rai da mutuwa. A garin Falmouth na jihar Massachusetts, inda ake gudun mil 7 a watan Agusta, likitoci sun ƙirga mutum 274 da zafi ya buge cikin shekara 18, aka tsoma su a ruwan ƙanƙara, ba a rasa ko ɗaya ba.

Na huɗu, a ba likitan gasa ikon tsai da ita, kada kuma wani mai muƙami ya tsallake maganarsa.

Na biyar, kada a buɗe hanya, kada a naɗe tabarma, sai lokacin da aka yi wa masu gudu alkawari ya cika.

Mu ɗalibai kuma kada mu tsaya sai an gayyace mu. Muna da ɗakunan kwana da ke zama wayam lokacin hutu, muna da ɗaliban likitanci da na jinya, muna da hannuwa dubbai masu iya miƙa kofin ruwa. Ƙungiyar ɗalibai da ta iya tara jama'a don zaɓe, ba za ta kasa tsai da mutum 10 a kowane mil ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka duk kwamitin da ya zo neman hannunmu, mu fara tambayarsa ƙarfe nawa za a tashi, randa nawa aka tanada, wa kuma zai jira na ƙarshe. In ya amsa, mu tuɓe riga mu yi aiki tare da shi. In ya fara karanto mana sunayen manyan baƙi, mu ce masa a sauka lafiya.

Mu dai mun faɗi namu. Allah ya sa a gyara.