Kafin ka biya kuɗin "Core i7", tambayi shekarunsa

Wannan na masu tara kuɗi ne don haɗa kwamfutar buga gem, musamman mu da ke Maiduguri. Yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Abin da ya fi cinye kuɗin 'yan makaranta a wannan harkar shi ne suna. Da zarar an ce maka "Core i7 ne fa", shi ke nan, ka fara ƙirga kuɗi. To i7 na wace shekara? Core i7-3770 ya fito a 2012. Core i3-12100 ya fito a 2022. Kowannensu kwa 4 gare shi, amma wannan i3 ɗin da ake rainawa ya yi wa dattijon i7 fintinkau a gem, ba ma kusa ba. Lambar da ke bayan ɗan layin nan ita ce ke faɗa maka zamanin firosesa: 3770 zamani na 3 ne, 8400 na 8, 12100 na 12. Kuma a lura, tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10 kamar da, shi kuma Windows 11 a hukumance daga zamani na 8 yake farawa. Ka ga wanda ya sayi zamani na 3 ko na 4 yau, tsohon doki ya saya da sabon sirdi.

Haka waɗannan kwamfutocin ofis na hannu da ake shigowa da su, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk. Ba na kushe su, don in rubutun firojet ne da kallon fim, sun wadatar, kuma suna da ƙarko. Matsalar ita ce da yawansu madabod ɗinsu da akwatin wutarsu ƙirar kamfanin ce ta musamman, gidan kuma siriri, babban katin girafik ba ya shiga. Ranar da ka so ƙara wani abu, sai ka tarar ƙofa a rufe.

Yanzu ga maganar da masu bidiyon YouTube ba za su faɗa maka ba, don su ba a nan suke ba: wuta da zafi. Ni a Wulari nake zaune, kuma duk ɗan garin nan ya san abin da muka sha bayan da aka kayar da turakun layin Damaturu a farkon 2021. An buɗe tashar gas mai megawat 50 a 2023, an samu sauƙi, amma har yau waye cikinmu zai rantse cewa wutar da ya gani da magariba za ta kai isha? Yawancinmu janareta ne, ko sola da ƙaramar inbata. Ga watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. A irin wannan garin, kowane wat kuɗi ne. Katin RX 580 da ake yayi saboda arha, shi kaɗai yana iya jan wat 185, kuma wasu daga cikin na hannu sun sha wahalar haƙar kirifto kafin su iso gare mu. Ka ɗora shi a kan batir ɗaya, ka ga yadda za a tashi wasan kafin hutun rabin lokaci.

Shi ya sa ni a ganina, ɗalibin da kuɗinsa ba su kai na katin girafik ba ya nemi Ryzen 5 5600G. Kwa 6 ne, wat 65, kuma wannan harafin G ɗin yana nufin girafik ɗinsa a cikinsa yake. Zai buga maka eFootball da GTA V da Valorant in ka sassauta saitin. Ba zai ba ka irin hoton da kake gani a talla ba, gaskiya ɗaya ce, amma za ka yi wasa, ka kuma yi aikin makaranta. Sharaɗi ɗaya: RAM ya zama sanda biyu, 8GB sau biyu, ba 16GB guda ɗaya ba. Girafik ɗin cikin firosesa daga RAM yake aron wuri, in sanda ɗaya ce ka rage masa rabin hanya.

Wanda kuma yake da kuɗin kati a hannu, ba na ce masa lallai sai 5600G ba. Ryzen 5 5600 ko Core i3-12100F sun fi dacewa da shi. Amma a kula, dukansu biyu ba su da girafik a ciki. F ɗin nan na Intel ma'anarsa ke nan. In ka saye shi ba kati, ko tambarin kamfani ba za ka gani a allo ba.

Sai madabod, inda mutane ke yin kuskure ta gefe biyu. Wani ya zuba kuɗi saboda fitilu masu launi, wani kuma ya ɗauki mafi arha da ya gani. Ryzen ɗin da na ambata a soket AM4 suke zama, wanda ya fito tun 2016, shi ya sa kayansa suka yawaita a kasuwar na hannu. Ka nemi B450 ko B550 mai ramin RAM huɗu, da wurin SSD na M.2, da kafar HDMI a baya, da ɗan ƙarfen nan mai shan zafi a gefen soket. Wannan ƙarfen a Maiduguri ba ado ba ne. AM5 kuwa sai da DDR5, ga mai jiran dubu ashirin ɗin NELFUND duk wata wannan ba layinmu ba ne tukuna.

Tarko ɗaya da B450: tsohuwar ba ta gane 5600G sai an sabunta mata BIOS. Kada ka yarda da "zai yi, in ka je gida ka gwada". Ko a Kasuwar Jagwal ne, ko an aiko maka daga Beirut Road a Kano ko Computer Village a Ikeja, a haɗa su a kunna a gabanka, ko a turo maka bidiyo suna aiki tare. Ka juya firosesan ka duba allurorinsa, don na AM4 a jikinsa suke, na Intel kuma a cikin soket. Tun bayan ambaliyar Alau ta Satumba 2024, ni duk madabod ta hannu da aka miƙo min a garin nan sai na haska bayan kafofinta da tocilan ina neman tsatsa.

Abin da ya rage maka na canji, kada ka kai shi wajen fitila ko linzami mai ƙyalli. Ka sa shi a akwatin wuta na kamfanin da aka sani, da UPS ko sitabilaiza. In kuma mai kaya ya kunna maka, kada ka tsaya a ganin Windows ta buɗe. A saka gem, a bar shi ya yi kamar rabin awa da tsakar rana, kana kallon zafinsa.