Wa Ya Kashe Malam Shehu?

Ran nan muna zaune da yamma a wani zaure wajen Ƙofar Doka, sai wani dattijo ya ga Jiki Magayi a hannuna. Ya ce in jefar da shi, wai littafin sihiri ne da zubad da jini, bai kamata a ba wanda ya gama ajin Yaƙi da Jahilci ba. Ban mayar masa da magana ba, don girmansa. Amma tun da ya faɗi a bainar jama'a, ni ma a bainar jama'a zan amsa.

Littafin nan John Tafida mutumin Wusasa ya rubuta shi tare da Dokta East, ya fito daga Ofishin Talifi na nan Zariya a sahun littattafan da gasar 1933 ta haifar, watau su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Na fara karanta shi ina yaro, abin da ya tsaya mini a rai a sa'an nan shi ne muguntar Abubakar, yadda ya bi dazuzzuka yana neman asirin da zai lalata Kyauta, har yaron ya zama gawurtaccen ɓarawo, ya kashe ubansa bai sani ba. Da na sake karantawa yanzu furfura ta fara fito mini, sai na ga ashe rabin labarin na gani.

To, ku duba da kyau. Zainabu ta riga ta ba Abubakar zuciyarta, magana ta zauna. Malam Shehu yana da mata, yana da dukiya, haihuwa kaɗai ya rasa. Burin magaji ya rufe masa ido, ya sa kuɗi ya ƙwace yarinyar. Duk wanda ya karanta Risala ya san an hana mutum neman aure a kan neman ɗan'uwansa in an riga an daidaita. Dattijonmu ya san wannan sarai, ya fi ni karatu, amma bai ambaci Malam Shehu ko sau ɗaya ba. Me ya sa? Don laifinsa irin wanda muka saba gani ne, har ma mukan je mu ci goronsa, mu yi fatiha.

Kada wani ya ce ina wanke Abubakar. Wanda ya bar mai laifi ya auka wa jariri ba shi da hanzari, duniya da lahira. Littafin kuma bai yabe shi ba, ya nuna yadda ƙullatar nan ta cinye ƙuruciyarsa sarai. Abin da na ƙi shi ne a la'anci mai ramuwa, a rufa wa mai farawa asiri domin rigarsa ta fi girma.

Ni akawu ne, ƙararrakin aure da yawa sun bi ta ƙarƙashin alƙalamina. Galibinsu haka sukan fara: an yi wa wani alkawari, mai hali ya zo, iyaye suka juya. Yarinya ta yi yaji sau uku, sau huɗu, daga nan sai gaban alƙali, a zo ana lissafin toshi da sadaki kamar cinikin shanu.

Saboda haka ku da kuka sami takardar shaidar karatu, ku nemi Jiki Magayi. Bai da tsawo, dare biyu ya isa. Ku karanta shi da ƙarfi a tsakar gida inda iyayen 'yammata za su ji, in kun zo wurin da aka kawo dukiyar Malam Shehu kuwa, ku sassauta murya, ku maimaita.