KUN ƘARA MA MOTA WUTA, KUN HANA TA SHAN ISKA

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau da tsawo, kuma na san wasu abokaina makanikai ba za su ji daɗinshi ba. Kwana huɗu ina haɗiye maganar nan, ta ƙi wucewa.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan La'asar aka kira ni, wai motar ƙanena ta mutu tsakanin Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya. Golf ce mai turbo, 'yar Kwatano, ko shekara bai yi da ita ba. Da igiya muka jawo ta har Ƙofa. Da aka buɗe kan injin, sai ga fistin ɗaya ya cinye ta gefe kamar ɓera ya gwaguye shi. Da dare a majalisa kowa ya zama injiniya. Wannan ya ce ƙaddara ce, wancan ya ce ai daman mota mai turbo ba ta ƙasarmu ba ce. To ƙaddara mun yarda da ita, amma ku ji abin da aka yi ma motar kafin ƙaddarar ta iso.

Wata uku da suka wuce ya daki wani rami, intakular motar ta tsage. Ita ce wannan abu mai kama da ƙaramin lagireto da ke ƙasa a bayan bamba. Wani makanike, ba zan kama suna ba, ya ce mashi ai wannan ba ta aikin komai, kayan Turawa ne kawai, bari a haɗa maka tiyo dairek. Aka cire ta aka jefar. Bayan wata guda ya shiga Kano, wani yaro mai kwamfuta ya jona ma motar waya, ya ce ya buɗe mata wuta. Yaro ya dawo yana cika baki, wai yanzu ba motar da ke shan gabanshi a hanyar Bichi. Sai ga zafin Afrilu, mutum biyar a ciki, but cike da buhuna, ƙafa a kan totur. Don Allah wane inji ne zai ɗauki wannan?

Bari in yi bayani yadda kowa zai gane, don jahilcin abin ne ke cinye mamu kuɗi. Inji iska yake sha ya haɗa da mai ya ƙona. Aikin turbo shi ne ya yi amfani da hayaƙin da ke fita ta salansa ya juya wata 'yar fanka, ita kuma ta danna ma injin iska fiye da wadda zai iya ja da kanshi. Fankar nan tana juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya. Matsalar ita ce duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. Wanda ya taɓa ba keke iska da famfo ya san yadda gindin famfon ke ɗaukar zafi. In a waje ana digiri 40, wanda ba baƙon abu ba ne gare mu daga Maris zuwa Mayu, turbo kuma ya ninka matsin iskar sau biyu, to za ta fito da zafin da ya wuce digiri 130. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, ku auna da kanku. Intakula ita ke karɓar wannan iska ta sanyaya ta da iskar hanya, ta sauko da ita wajen 60 ko 70 kafin ta shiga inji.

Iska mai zafi ba ta da nauyi, watau abin da injin ke buƙata a cikinta ya ragu. Wannan ma da sauƙi. Babbar illar a injin fetur ita ce man yana fashewa kafin lokacinshi, ka ji inji na ƙara kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani. Kowace fashewa guduma ce a kan fistin, shi kuwa fistin da alminiyam aka yi shi, ƙarfen da ke narkewa a digiri 660. Kwamfutar motar tana da abin da ke jin wannan ƙarar, sai ta rage wuta don ta ceci injin. Shi ya sa za ka ji motar da aka buɗe ma wuta tana tashi da asuba, da azahar kuma ta zama jaki. Ka biya kuɗi an ƙara maka ƙarfi, rana ta ƙwace abinta. In kuwa yaro mai kwamfutar ya kashe wannan kariyar don ka ji daɗin aikinshi, to sai abin da muka gani ranar Juma'a.

Ga kuma maganar mai. Yawancin injinan nan an tsara su ne a kan fetur ɗin Turai mai lamba 95. Namu a ƙa'ida ma bai kai nan ba, balle wanda ya kwana a galan bakin titi. Ba mu manta da gurɓataccen fetur ɗin da aka shigo da shi a farkon 2022 ba, wanda ya kashe motocin mutane. Mai mai rauni, iska mai zafi, sannan ka ƙara matsi. Haba malam.

Masu cewa turbo ba na ƙasarmu ba ne, ku tsaya bakin titi a Kankiya na awa ɗaya ku ƙirga DAF da MAN da Howo da ke wucewa da siminti da taki zuwa Katsina, wasu har Jibiya da Maraɗi. Kusan dukkansu turbo gare su, kuma in ka leƙa gabansu za ka ga ƙatuwar intakula zaune gaban lagireto. A cikin wannan ranar tamu suke tafiya da lodin da ya fi ƙarfin misali. Direban tirela da ya san aikinshi ba ya yarda a cire mashi ita, don ya san da zarar ta huje mota za ta fara baƙin hayaƙi, ta kasa hawa tudu, ta sha gas kamar ba gobe. Ƙasa mai zafi ita ta fi buƙatar abin sanyaya iska. Mu sai muka juya maganar.

Kuma ciwon ya daɗe. Mota na sauka daga Kwatano, abu na farko a cire tamostat, a haɗa fanka dairek, a zubar da ruwan lagireto mai kala a ɗura na rijiya. Wai duk na ƙasar sanyi ne. Ruwan rijiyar nan shi ke tsatsa ya toshe lagireto, daga nan mota ta fara zafi da gaske, sai a ce ka gani ko, da ma mun faɗa. Gyaran gangar Auzinawa kenan.

Yanzu wani abokin ƙanen nawa ya kawo tashi shawarar, wai in an ɗora sabon inji a je Ƙofar Ruwa a samo intakula ƙatuwa irin ta motocin tsere da suke gani a YouTube, a yanke bamba a ɗaura ta kowa ya gani. A nan zan yi adalci. In har ka ƙara ma turbo matsi, ƙara girman intakula daidai ne, shi ya ma kamata a fara yi kafin a taɓa kwamfuta. Amma girma kaɗai ba shi ne ba. In ta yi ma injin yawa, sai turbo ya ɓata lokaci yana cika ta, ka taka totur mota ta yi jim kafin ta amsa, kuma wannan jim ɗin a wurin obatekin rai ne. In ka ɗaura ta ta rufe gaban lagireto, ka sanyaya iska ka dafa ruwa. In ta hannu ce daga motar da turbonta ya fashe, akwai baƙin mai da ɓurɓushin ƙarfe a ciki, ba a wanke ba duk inji za su. Tiyo da kilif kuma in na araha ne, ranar da aka matsa su za su fice. Sannan ƙurar hunturu da ƙwarin damina suna toshe ramukanta, tana son wanki da ruwa marar ƙarfi, ba a saka mata injin wankin mota ya lanƙwasa haƙoranta ba. Wa ke gaya ma mai mota wannan a gareji?

Ban ɗora ma makanikai laifin duka ba. Da yawansu a kan 504 da 505 ɗin da Peugeot ke haɗawa a Kaduna suka koyi aiki, zamanin kafireto, kuma ba wanda ya sake zaunar da su ya koya masu injin da kwamfuta ke tuƙawa. Mu masu mota mu ne ke zuwa da cewa oga yi mani dabara, ba kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa dabara yake nema, na sani. Amma makaniken kirki cewa zai yi ban iya wannan ba, je wurin wane. Wannan kalmar ce ta yi mamu tsada.

Abin da ya fi tayar mani da hankali shi ne na fara jin 'yan haya ma na sha'awar abin. Sharon ɗin da Volkswagen ta yi don mutum 7, kowa ya san nawa ake zubawa a ciki ranar kasuwar Charanci. Ka ƙara mata gudu, birkin shi ne na da, tayar ta Kwatano ce da ta gama rayuwarta a wata ƙasa. Ƙa'idar motar haya a babban titi ba ta wuce kilomita 90 a awa ba, kuma tun 2017 'yan kiyaye haɗurra suka wajabta na'urar taƙaita gudu a motocin haya. In ka fasa injinka kai kaɗai, aljihunka ne. Tsohuwar da ta shiga motarka za ta asibiti Katsina ba ta sa hannu a gwajinka ba. Shugabannin tasha, wannan taku ce, kun fi kowa sanin motar da aka taɓa.

Golf ɗin dai tana nan ƙarƙashin bedi a ƙofar gida, an rufe ta da tamfol. Jiya ya zo wai in taimaka mashi da wani abu a sayo inji. Na ce zan ba da, amma sai an maida intakula da tamostat, an kuma maida kwamfutar yadda kamfani ya bar ta, kuma ni zan raka shi Ƙofar Ruwa da ƙafata. Ya ce zai yi shawara.