Ni Na Sabar Wa Gada Da Dusa

Yau maganar wata 'yar dabba na zo da ita. Na san wasu za su ce Malam ya rasa abin yi, to a yi haƙuri a bi ni zuwa ƙarshe.

Bayan rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairun 2021, ina cikin waɗanda suka tattara suka koma wajen Akinyele. Allah ya hore mini ɗan fili can inda gidaje suka ƙare, daga katangata sai gonar rogon wani dattijo Bayarabe, daga ita sai guntun kurmin da ya rage. Wata rana na dawo daga sallar asuba, na zagaya in duba tumakina, sai ga wata aba kamar 'yar akuya, launin toka-toka, tana tsintar mangwaron da ya faɗo. Ƙahonta bai kai tsawon yatsa ba. Gada ce, wadda maƙwabtanmu ke kira etu. Ina motsawa ta yi tsalle ɗaya ta nutse cikin ciyawa.

Wallahi ban san lokacin da na yi kabbara ba. Ni da na tashi a ƙauye a ƙasar Katsina, barewa a karin magana kawai na san ta, duk da tsofaffinmu na cewa a da har bakin gona take zuwa. Ta farko da na gani da idona a ɗaure take a gidan wani attajiri, an sa mata igiya kamar tunkiya. Sai ga shi a ƙasar mutane 'yar uwarta ta kawo kanta.

Daga ranar na shiga ajiye mata dusa a tsohon kwano, wani lokaci har da 'yar kanwa. Yara da ba sa tashi sai an yi ta fama suka koma tashi da kansu, su leƙa ta saman katanga. Ba a yi wata uku ba ta soma zuwa da namijinta, kuma ta kai ina tsaye taku goma tsakaninmu ba ta ɗaga kai.

Baba mai gonar rogo ne ya fara yi mini magana. Ya ce, "Malam, ka daina. Naman da ya daina tsoron mutum ya riga ya shiga tukunya." Na ce, "Baba, ai sadaka nake yi." Ya girgiza kai ya ci gaba da nomansa. A raina na ce ƙila rogonsa yake ji.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, saboda kwanon nan nawa ta koma bin hanya ɗaya kullum a lokaci ɗaya, har sawunta ya yi turba. Wanda ya san daji kuwa abin da yake nema ke nan. Ranar wata Talata muka same ta a shaƙe, an ɗana mata tarko da wayar birkin babur daidai inda take ratsowa. Ban san wanda ya ɗana ba, ban kuma zargi kowa ba. Ta mutu kafin a kai gare ta, ta zama mushe, ga aya ta 3 ta Suratul Ma'ida nan ta haramta mana abin da aka shaƙe.

Shi ya sa nake ganin duk wanda Allah ya sa naman daji ke zuwa kusa da gidansa, kada ya ba shi abinci. Gada ba ta da farce, ba ta da ƙahon kirki, tsoro shi ne dukiyarta, ni kuma na saye shi da dusar da ba ta kai kuɗin shayi ba. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma a nan wautar tawa ce.

Na san za a ce ai akwai lada a ciyar da kowane mai rai, har a kawo hadisin mutumin da ya shayar da kare aka gafarta masa. Gaskiya ne. Sai dai karen nan ƙishirwa ce za ta kashe shi, gadata kuwa ba yunwa take ji ba, kurmi cike yake da ganye da 'ya'yan itace. In zan faɗi gaskiya, don idona da na yarana na ciyar da ita.

Ba na cewa farauta haram ce. Amma duk mai bin hanyar Ife ya ga yadda ake rataye gada da gyazbi a wajen Asejire. Lokacin Ebola a 2014 cinikin ya ja baya, daga baya ya dawo. Gada kuwa ɗa ɗaya take haifa. Akwai dokar kare namun daji tun 1985, an kuma kafa gandun dajin Tsohuwar Oyo a 1991, amma doka ba ta kwana a gonar rogo. Tun da aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Moniya a 2021, filaye suka yi daraja, kurmi sai ja da baya yake. In ka cire wanda cibiyar binciken noma ta IITA ta killace, sauran duk ɗan tsaki ne nan da can.

Mu ma muna da namu. Wani abokina da ya ga hotonta cewa ya yi in kama masa ɗanta in ta haihu, zai kai gida Arewa yara su riƙa wasa da shi. Na tuna barewar attajirin nan, na ce a'a.

Namijin ya dawo sau biyu bayan nan, yana shinshina inda kwanon yake. Na farko na tsaya ina kallonsa. Na biyu na tafa hannu da ƙarfi na kore shi, ƙaramar 'yata ta yi ta kuka ta ƙi cin abincin safe. Kwanon na mayar wa tumaki. Ciyawar da ke bin katanga na hana a sare ta, mangwaron da ya faɗo ta waje kuma na ce a bar shi inda ya faɗi. Shekaranjiya Baba yake gaya mini 'ya'yansa sun matsa masa ya sayar da gonar, har masu awo sun zo sun kafa duwatsu.